Zauren Tambaya: Koya wa Ƴan Kolej Infinitif na Sifaniyanci

Wasiƙun wannan fitowa daga Maradi da kewayenta suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya suke: aikatau na Sifaniyanci kafin a sarrafa shi, wanda yaranmu suka sani a darasin Faransanci da sunan infinitif. Malaman harshe da ke kula da wannan shafi ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin Faransanci ne a wata kolej mai zaman kanta a unguwar Zariya. Bana aka ƙara mini Sifaniyanci a ajin katriyem, awa biyu a mako. Na fara da jadawalin konjigezon, wato sarrafa aikatau, kamar yadda aka koya mana. Wata guda ke nan yaran suna rera "hablo, hablas, habla" kamar karatun allo, amma babu mai iya haɗa jimla. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Yi lissafin abin da ka ɗora musu. Rukunin aikatau uku ne, kowanne da mutum shida (ni, kai, shi, mu, ku, su), ƙarshe 18 ke nan na lokacin yanzu kaɗai, kuma duk sai yaro ya haddace su kafin ya iya cewa yana son barci. Ajiye jadawalin nan tukuna, ka fara da infinitif, domin da shi kaɗai ana iya magana tun ranar farko.

Infinitif shi ne aikatau da ba a ɗora masa mai aiki ko lokaci ba: hablar (yin magana), comer (ci), vivir (rayuwa, zama). Da wannan siffa yake zaune a ƙamus. Kowanne yana ƙarewa da -ar, ko -er, ko -ir, babu na huɗu. -Re da -oir na Faransanci ba su da wurin zama a nan. Kada ka ɓata lokaci wajen doguwar ma'ana. Ka ce musu aikinsa ya yi kusa da na "karatu" a cikin "ina son karatu", ko "tuƙi" a cikin "na iya tuƙi". Wanda ya taɓa nahawu a Islamiyya, ka ce masa ɗan'uwan masdari ne, nan take zai gyaɗa kai.

Zaɓi aikatau 12, kada su wuce haka a makon farko. Shida na -ar: hablar, estudiar (yin nazari), trabajar (yin aiki), comprar (saye), cocinar (girki), jugar (wasa). Uku na -er: comer, beber (sha), leer (karantawa). Uku na -ir: escribir (rubutu), dormir (barci), salir (fita). Mun ba -ar kaso mafi tsoka ne saboda shi ya fi yawa a harshen, kuma duk sabon aikatau da zamani ya haifa can yake faɗawa, kamar chatear da escanear.

Sai ka ba su mabuɗai uku: quiero (ina so), voy a (zan), me gusta (ina sha'awar). Ka ba su kamar yadda suke, dunƙule, ba tare da bayanin daga ina quiero ya fito ba. Mabuɗi uku da aikatau 12 sun ba da jimla 36. A sa "no" a gaba, sun zama 72: quiero dormir, no voy a salir, me gusta leer. A mako na biyu ka ƙara puedo (zan iya) da tengo que (dole in), jimlolin sun kai 120, alhali har yanzu ba a taɓa jadawali ba.

Ga yadda za ka raba darasin farko idan minti 55 ne. Minti goma na farko kaye a rufe, tablo babu komai: ka faɗi aikatau, ka kwaikwayi aikin da hannu, su maimaita. Wannan matakin shi malamai suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci, domin da zarar yaron da ya shekara takwas yana karatun Faransanci ya ga kalmar a rubuce, da bakin Faransanci zai karanta ta. Kunne ya riga ido. Minti goma na gaba ka ja layi biyu a tablo, gida uku, su riƙa gaya maka gidan da kowane aikatau zai shiga, ka rubuta ƙarshen da alli mai launi. Minti 15 na mabuɗan uku, ana yi tare. Minti 15 su yi bibbiyu, ɗaya ya tambaya "¿Qué quieres hacer?" (me kake son yi?) ko "¿Qué vas a hacer mañana?" (me za ka yi gobe?), ɗayan ya amsa. Minti biyar na ƙarshe kowa ya rubuta jimla uku da babu irinsu a tablo.

Jadawalin zai dawo a mako na uku ko na huɗu. Fara da -ar shi kaɗai. Bayan nan ka haɗa -er da -ir a darasi guda, tunda a lokacin yanzu wuri biyu kacal suka bambanta: comemos da vivimos, coméis da vivís. Amma a kula, uku daga cikin goma sha biyun nan ba sa bin ƙa'ida: jugar yana ba da juego, dormir duermo, salir salgo. A infinitif lafiya lau suke, shi ya sa muka sa su, sai dai kada a ɗauke su misali ranar koyar da ƙa'ida. Ribar wannan hanya tana jira a gaba ma: a yawancin aikatau, lokaci mai zuwa a kan infinitif ɗungurungum ake gina shi, hablaré, comeré, viviré.

TAMBAYA: Ina koyarwa a Tibiri. Ɗalibaina idan suka ga comer sai su ce "kome", leer kuma "le". Na gyara har na gaji.

AMSA: Malama, Faransanci ne ke magana da bakinsu. A can -er na parler da manger "e" ake furta shi, r ɗin ado ne. A Sifaniyanci kuwa r ɗin ƙarshe shi ne shaidar infinitif, idan ya faɗi kalmar ta sauya: come na nufin "yana ci", don haka "quiero come" ba jimla ba ce. Cewa "ku furta r" ba ya wadatarwa. Ki ba su abin da bakinsu ya riga ya saba da shi. Umar yana ƙarewa da -ar, Bashir da -ir, Zinder da -er, kuma babu yaron da ke haɗiye r ɗinsu. Ki rubuta sunayen uku a saman gidajen uku na tablo, a riƙa jerawa: Umar, hablar, Zinder, comer, Bashir, vivir. Bugu ɗaya na kan harshe ya isa, ba sai an kaɗa shi kamar injin niƙa ba.

Abu na biyu shi ne inda ƙarfin murya ke sauka. A kowane infinitif gaɓar ƙarshe ce ke ɗaukarsa: ha-BLAR, es-cri-BIR, tra-ba-JAR. Ƙa'idar harshen ce ta kawo haka: kalmar da ta ƙare da baƙi, in ban da n da s, ƙarfinta a ƙarshe yake, shi ya sa ba a ɗora masa alama. Ƴan kaɗan ne ke ɗauke da alama, irin su oír (ji) da reír (dariya), don a raba wasulan biyu. Ki sa su tafa hannu a gaɓar ƙarshe. Leer gaɓa biyu ce, le-er, haka ma creer (yarda).

Tunda ana kan furuci, ga sauran wuraren tuntuɓe. H ba ya fita sam, hablar "ablar" ne. V da b sauti ɗaya ne, vivir kamar "bibir", wanda sauƙi ne ga Bahaushe. J na trabajar da jugar daga maƙogwaro yake fitowa, irin harafin nan na Larabci da ke farkon "khairan". Almajiri ya fi kowa iya shi. An da en na cantar da entender ba a shigar da su hanci, a da n ake ji rau. Wanda zai ɗan wahalar da ke shi ne p, tunda Hausa ba ta raba shi da f: ki riƙe ƴar takarda a gaban leɓensu, su rufe leɓe gam kafin su saki poder da pagar.

TAMBAYA: Ɗiyata tana turwaziyem. Na duba kayenta na ga malami ya ja jan biro a kan "quiero voy al mercado" da "puedo hablo". Ita ta rantse mini duka kalmomin daidai ta sarrafa su. Ina kuskuren? Daga wani uba a Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, gaskiyarta, kowace kalma ita kaɗai daidai take. Kuskuren shi ne ta sarrafa biyu a inda ake sarrafa ɗaya, kuma Hausa ce ta ja ta. Mu muna cewa "ina so in tafi kasuwa": mai aikin ya fito sau biyu, a "ina" da kuma "in". Yarinya ta ɗauki wannan ginin ta kai Sifaniyanci. A can, muddin mai so shi ne mai tafiya, aikatau na farko ne kaɗai ke nuna mutum, na biyu ya tsaya a infinitif: quiero ir al mercado, puedo hablar.

Maganin yana cikin Hausar ita kanta. Kafin ta rubuta, ta juya jimlar a ranta daga "ina so in tafi" zuwa "ina son tafiya", daga "ina so in ci" zuwa "ina son ci". Wannan gini na biyu shi ya yi daidai da na Sifaniyanci. Ka ba ta jimloli goma irin na farko ta juya su da baki, mako guda ana yi bayan sallar isha'i, za ka ga bambanci. Idan mai so daban ne da mai aiki, kamar "ina so ka tafi", infinitif ba ya aiki, sai quiero que vayas, wanda wani babi ne da zai zo daga baya.

Tunda kana duba kayen, nemi wasu kurakurai uku, waɗanda su kuma Faransanci ke haifarwa. Na farko "voy comer", daga je vais manger. Sifaniyanci yana buƙatar a a tsakani, voy a comer. Yara ba sa jin wannan a ɗin a baki saboda a voy a hablar yana narkewa cikin a na gaba, don haka a fara atisaye da aikatau masu farawa da baƙi, ban da h. Na biyu "decido de salir", daga décider de. A nan babu de, decido salir. Na uku "quiero lo ver", daga je veux le voir. Wakilin sunan ko dai ya manne a ƙeyar infinitif, quiero verlo, ko ya zo gaban duka biyun, lo quiero ver. Tsakiya haramun ce gare shi.

Babu wata dabara da ke nuna wane aikatau ke son wace ƴar kalma, haddacewa ake yi. Querer, poder, deber, saber, necesitar da preferir ba sa son komai. Ir, empezar da aprender suna tafiya da a. Tener da hay suna ɗaukar que. Acabar da dejar suna ɗaukar de: acabo de comer, yanzun nan na ci. Ta riƙa rubuta su a kaye tare da abokan tafiyarsu, "aprender a", "tener que", kada ta rubuta aikatau tsurarsa.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne. Duk kalmar da ta ƙare da -ar, -er ko -ir aikatau ce?

AMSA: A'a, yaro. Mujer mace ce, lugar wuri, ayer jiya, mar teku, azúcar sukari. Gwada sa puedo a gabanta: puedo comer ya zauna, "puedo mujer" shirme ne. Kada ka gwada da quiero, domin quiero azúcar jimla ce mai kyau. Azúcar ma alamar da ke kan u ta tona masa asiri, tunda ƙarfin infinitif a ƙarshe yake. Sannan ka san cewa ir shi kansa cikakken aikatau ne, ma'anarsa tafiya, kuma daga gare shi voy ya fito.

TAMBAYA: A littafin da nake amfani da shi akwai llamarse da levantarse. Yara sun ce ai na ce musu ƙarshe uku ne kawai, ga na huɗu. Yaya zan yi bayani? Malami daga Madarunfa.

AMSA: Yaran suna lura, abin yabo ne. Rubuta levantarse a tablo, ka rufe se da tafin hannu: levantar ya bayyana, ɗan rukunin -ar. Wannan se shi ne na se lever, sai dai Faransanci yana sa shi a gaba a ware, Sifaniyanci yana manna shi a baya. Yana nuna aikin ya koma kan mai yin sa: lavar wanke wani abu, lavarse wanke jiki, llamar kiran wani, llamarse amsa suna. A ƙamus ma ƙarƙashin levantar za a neme shi.

Inda za su faɗi shi ne "voy a levantarse". Suna ɗauka se ɗin a kafe yake, alhali yana sauyawa da mai magana: voy a levantarme, vas a levantarte, va a levantarse, vamos a levantarnos. Yanka kwali huɗu ka rubuta me, te, se, nos, ka bar levantar a tablo, yaro ya fito ya riƙe wanda ya dace a ƙeyar kalmar. Aikatau huɗu sun isa a farko: levantarse, lavarse, sentarse (zaunawa), acostarse (kwanciya). Manna wakilan suna biyu, irin dármelo, a bar shi sai baɗi.

TAMBAYA: Sifaniyancin Sifen zan koyar ko na Latin Amurka? Kuma ina zan tabbatar da aikatau idan na yi shakka?

AMSA: A babin infinitif babu bambanci, daga Madrid har Meziko har Ikwatoriyal Gini, ƙasar Afirka da Sifaniyanci yake harshen hukuma. Bambancin yana cikin furuci da zaɓin kalma. C na hacer da z na empezar, yawancin mutanen Sifen suna furta su da harshe tsakanin haƙora, Latin Amurka kuwa s ne. Ɗauki ɗaya ka tsaya a kai. Tuƙin mota conducir ne a Sifen, manejar a yawancin Latin Amurka. Coger (ɗauka) kalma ce ta yau da kullum a Sifen amma batsa ce a Meziko da Ajantina, don haka koya musu tomar ka huta. Don tabbatarwa, ƙamus na Real Academia Española, hukumar harshen da aka kafa a Madrid a 1713, yana intanet kyauta, kuma idan ka rubuta infinitif zai nuna maka yadda ake sarrafa shi gaba ɗaya.

TAMBAYA: Ajina yara 80 ne, littafi nawa ne kaɗai. Kuma sun fara ƙirƙiro kalmomi irin su "mangear" da "regardar". Wane atisaye zai yi aiki, kuma yaya zan auna su? Malama daga Bagalam.

AMSA: Ƙirƙirar nan alamar kai na aiki ce, Malama: sun gano cewa -er na Faransanci yakan zama -ar. Sau da yawa yana ci, entrer entrar, visiter visitar, préparer preparar. Ki gaya musu cewa hasashe ne, sai an tabbatar, domin manger comer ne, regarder kuma mirar. Rukuni ma yakan sauya: courir ya koma correr, tenir tener, écrire escribir, recevoir recibir. Mafi haɗari su ne masu kama ɗaya da ma'ana daban. Salir fita ne, ba ɓata abu da datti ba. Subir hawa ne. Quitar cirewa ne. Entender fahimta ce, jin sauti kuwa oír. A nan Hausa ma tana ƙara ruɗani tunda "na ji" yana ɗaukar duka biyun. Ware shafi guda a ƙarshen kaye don irin waɗannan, a riƙa ƙara biyu kowane mako.

Atisayen da ba ya buƙatar littafi shi ne na kati. Raba ajin gida goma, takwas-takwas. Kowane gida ya samu kati 17 da aka yanka daga kwalin sabulu ko na sukari: biyar na mabuɗai da jan biro, 12 na aikatau da shuɗi. Kati 170 ke nan, su yaran za su yanka su rubuta, ke ki duba rubutun kafin a fara, domin kuskuren da ya hau kati sau hamsin za a karanta shi. Yaro na farko ya ja mabuɗi, na biyu ya ja aikatau, na uku ya faɗi jimlar, na huɗu ya ba da ma'anarta da Hausa, sauran huɗun su ne alƙalai, sannan a juya. Idan ba a raba aikin haka ba, masu baki biyu za su cinye wasan, sauran su yi zugum. Minti 12 ya isa, bayan haka surutu ne. Rubuta lambar gida a bayan kowane kati, a ɗaure da roba, in ba haka ba mako biyu ba za su kai ba.

Bangon ajin ma littafi ne. A Sifen da infinitif ake rubuta umarni a ƙofofi da alluna, don haka su rubuta nasu: empujar (tura) da tirar (ja) a ƙofa, no correr (ban da gudu), no gritar (ban da ihu) a bango.

Jarrabawa a kan maki 20 za ta iya zama haka. Maki biyar na raba kalmomi goma zuwa gidajensu, a saka mujer da lugar a ciki don a ga wanda zai ware su. Maki biyar na cike gurbi da a, que, de ko barin wurin fayau. Maki shida na mayar da jimlolin Hausa uku zuwa Sifaniyanci, ɗaya daga ciki ta zama mai "ina so in". Maki huɗun da suka rage na baki ne: yaro ya karanta aikatau huɗu, a saurari r da ƙarfin gaɓar ƙarshe. Da yara 80 ba za a gama wannan a zama ɗaya ba, ki kira 20 a kowane darasi yayin da sauran ke rubutu, cikin mako biyu kin zagaye ajin.